Ranar da Aka Yi Wa Ladi Tiyata

Ban taɓa mantawa da wata ranar Alhamis ba, cikin kaka, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, ranar da na tayar da motar kamfani da malamin asibiti domin mu je mu ceci wata mata daga hannun mijinta. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya kuna jin ana ce mini Likita, wataƙila kuna zaton tsokana ce. To, sunan muƙamina ke nan a wancan zamani, kuma da shi aka ɗauke ni aiki.

Lokacin ina wani kamfanin tsaga katako a bakin dajin Birnin Gwari. Tsarin wurin ba shi da wuyar ganewa. Akwai manaja a sama, sai helma mai kula da leburori, sai masu tuƙa injin, sannan ni a gefe guda da ɗan shagona, ana kirana likitan zarto. Zarton injinmu ba irin na kafinta ba ne. Dogon ƙarfe ne mai faɗin tafin hannu, an haɗe bakinsa biyu ya zama kamar ɗamara, yana zagaya manyan ƙafafu biyu da gudu yana ratsa gungumen maɗaci. Aikina in wasa haƙoransa, in miƙe shi in ya karkace, in kuma duba shi kullum ko ya fara tsagewa. Wannan na ƙarshen shi ne babba, domin zarton da ya tsinke yana cikin gudu ba ya tambayar wa ke tsaye kusa.

Matsalar sunan nan ita ce mutanen ƙauyuka sun ji rabinsa sun bar rabi. Ba a yin mako ba a kawo mini mai ciwon haƙori ba, wai an ce ina gyaran haƙora. An kawo mini mai gwaiwa, an kawo mini akuya. Na gaji har na zama da na hango baƙo ya doso shagona yana ɗingishi, sai in nuna masa hanyar ɗakin shan magani, wurin abokina Malam Iliya, malamin asibitin da ke kula da ma'aikatanmu.

Ran nan da hantsi ina kan wasa haƙora sai ga wani tsoho, dogo, siriri, ƙafafunsa duk jar ƙasa. Ya ce sunansa Danjuma, daga wani ƙauyen Gbagyi can bayan Dogon Dawa, kuma tun asuba yake tafe. Hausarsa gajeruwa ce, kalma-kalma yake ajiye ta.

Ya ce, "Kai ne Likita?"

Na ce, "Ni ne, Baba, amma ba irin wanda kake nema ba."

"Kai nake nema. Ladi ba lafiya. Murya ta tafi. Baki ya tsage."

Na ce, "Subhanallahi. Me ya tsaga mata baki?"

Sai ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ni ne. Ni nake dukanta."

Na ajiye magagari. Na ce, "Kai, Baba! Da girmanka?"

"Safe da yamma," in ji shi. "Ran Lahadi ya fi yawa."

"Da me kake dukan nata?"

"Da ƙarfen mota."

Jama'a, jinina ya tafasa. Na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa sa'an ubana ba. Na ce ba ya jin tsoron Allah, na ce in matar nan ta mutu sai ya ga alƙali. Shi kuwa yana ta gyaɗa kai yana cewa, "Gaskiya ne, laifina ne." Na tambaye shi me ya hana su kawo ta asibiti. Ya ce nauyi gare ta, kuma a kan itace take, sai an taru ake sauke ta. Daga nan ban ƙara tambayar komai ba, na ruga ofishin manaja.

Manajanmu mutum ne mai sanyin hali, Mista Yakubu, daga kudancin Zariya. Na ce, "Ranka ya daɗe, rai ne a hannunmu." Ya saurare ni, ya dubi tsohon ta taga, ya ce in ɗauki motar katako da direba, in tafi da Malam Iliya. Iliya ya cika jakarsa da bandeji da aidin da allura. Za mu hau mota tsohon ya riƙe mini hannun riga, ya nuna shagona, ya ce, "Kayan aiki fa?" Na fizge hannuna na ce masa ya shiga mota kawai.

Da muka isa ƙauyen, sai na ga abin da ban zata ba. Mata na daka, ana share fili, ana kafa rumfa da ganyen giginya, kowa fuska a sake. Na ce a raina, wane irin gari ne wannan, mace na can a wahale su suna shirin biki? Tsohon ya wuce gaba, muka bi shi har gindin wata ɗorawa a gaban cocinsu. Ya ɗaga hannu ya nuna sama, ya ce, "Ga Ladi."

Ƙararrawa ce. Babba, ta tagulla, a rataye jikin wani gungume tsakanin rassa biyu.

Malam Iliya ya dubi ƙararrawa, ya dube ni, ya ajiye jakarsa a ƙasa a hankali, sannan ya zauna a kanta ya fara dariya har da riƙe ciki. Direba ya jingina da mota yana hawaye. Da labari ya zaga cewa Likita ya zo ceton matar Baba Danjuma, masu daka suka saki taɓare. Ni kuwa na tsaya nan kamar an dasa ni, ina neman ramin da zan shige. Tsohon kaɗai ne bai yi dariya ba. Shi bai ga abin dariya ba, domin duk abin da ya faɗa mini gaskiya ne, kuma ya san sarai likitan da ya zo nema, wato mai duba ƙarfe.

Wadda ta warware mini zancen 'yarsa ce, Saratu, mai Hausa tas kamar 'yar Tudun Wada. Ta ce shekarun baya wata mishan da ta tashi ta bar musu ƙararrawar, mota ta sauke ta a bakin titi, alhali a lokacin ko hanyar keke babu zuwa ƙauyen. Maza suka yi ta shawarar yadda za a yi. Mahaifiyarta, Ladi, ta gaji da jiransu, ta tara mata, suka ɗaura ta a sanduna suka ɗauko a kafaɗa, yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya, suka ratsa daji da ita. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara ce mata ƙararrawa. Ko Musulmin garin in za su yi alkawari sai su ce, mu haɗu bayan Ladi ta yi magana. Da Allah ya yi wa Ladi ta gaskiya rasuwa, mijinta ya karɓi aikin kaɗawa, bai kuma yarda wani ya taɓa ba.

Saratu ta ƙara da cewa, "Jibi Asabar ne aurena, Malam. Baba ya ce ba zai miƙa ni ba sai Iya ta yi magana."

Nan dariya ta ɗauke mini. Na tura direba ya koma ya kwaso kayan aikina, ya kuma gaya wa manaja gaskiyar abin da muka tarar. Kafin ya dawo na sa maza suka sauke ta a kan buhunan ƙaiƙayi, na duba.

Harshenta, wato ƙarfen da ke lilo a ciki yana bugun ta, ya tsinke tun wata damina. Maimakon a gyara, sai Baba Danjuma ya samo guntun sifirin mota yana bugun leɓenta daga waje, kuma kullum wuri ɗaya. Tagulla tana son bugu, amma ba irin wannan ba. Tsaga ta tashi daga leɓe ta miƙe sama kamar tsawon ɗan yatsa. In ka ƙwanƙwasa sai ka ji wani zizzz maras daɗi, domin bakin tsagar biyu suna gugar juna.

Ga abin da nake so ku riƙe, ku masu tasowa. Inda ido ya nuna maka tsaga ta ƙare, ba nan ta ƙare ba. Na sa aka kawo kananzir na shafa a wurin, na bari ya shige, na goge tas, sannan na dama alli na shafe na jira ya bushe. Kananzir ɗin da ya maƙale a cikin tsaga yakan fito ya ɓata allin, ya zana maka hanyarta. Muna tsaye muna kallo wani siririn layi ya fito, ya wuce inda muke gani da nisa, ya ɗan karkata yana neman kafaɗar ƙararrawa. In ya kai can, ta rabe biyu, ba mai iya haɗa ta.

Na ce, "Baba, zan gaya maka gaskiya. Walda ba za ta yi ba, zafin wuta zai ƙarasa ta. Abu ɗaya na sani. Zan huda rami a daidai inda tsagar ta tsaya, sannan in buɗe tsagar da zarto don bakinta ya daina gugar juna."

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Ta tsage, za ka ƙara mata rami?"

"Haka ne."

"Ba ka huda Ladi."

Ban ga laifinsa ba. Duk wanda bai san aikin nan ba haka zai ce. Na karɓi robar ɗaurin kaya daga keken wani, na yanka gida biyu. Ta farko na ɗan tsaga gefenta da wuƙa na ba shi na ce ya ja. Yana ja ta yage fyat. Ta biyun ma na tsaga ta daidai da waccan, amma na ɗora ƙusa a wuta na huda ɗan rami zagayayye a ƙarshen tsagar. Ya ja, ya ƙara ja, har jijiyar wuyansa ta tashi, roba ta miƙe ta ƙi yagewa. Na ce masa duk ƙarfin da aka sa wa abu mai tsaga, a tsinin tsagar yake taruwa, wuri ɗaya ƙanƙane, shi ya sa take ci gaba. Rami ba shi da tsini. In tsaga ta faɗa cikinsa, ƙarfin sai ya watsu a kewayensa, ta rasa ta inda za ta bi.

Na kuma ƙara masa da abin da ba ya son ji. Na ce tagullar ƙararrawa gautsi gare ta, ina cikin huda tana iya darewa a hannuna. In ma an dace, muryarta ba za ta dawo yadda take da ba. In kuwa aka bar ta haka, ko dai ta zauna shiru har abada, ko a kaɗa ta ranar Asabar ta fashe a gaban baƙi.

Tsohon ya zauna a ƙasa ya ɗora tafinsa a kan ƙararrawar. Wallahi ya ba ni tausayi. Can sai Saratu ta durƙusa kusa da shi, ta kama kunnenta ta nuna masa.

"Baba, wa ya huda mini nan?"

"Uwarki."

"Ina ihu, kana cewa a bar yarinya, ta saurare ka?"

Sai bakinsa ya motsa. Ya ce, "Ba ta taɓa saurarena ba."

"To, da tana nan, da tuni ta karɓi abin hudar daga hannun Malam ta yi da kanta."

Tsofaffin matan da ke wurin suka kwashe da dariya suna cewa ƙwarai kuwa. Baba Danjuma ya share ido da bakin riga, ya ce, "Likita, yi a hankali."

Direba ya dawo da kaya da saƙon manaja, wai an ba ni izini har Asabar, da sharaɗin a ajiye masa kujera a wurin biki. Mahudina na hannu ne, irin wanda ake danna shi da ƙirji ana juya mariƙi. Na buga alama ɗan gaba kaɗan da ƙarshen layin allin, domin gara tsaga ta zo ta tarar da rami da a huda a bar tsininta a gaba. Na yi bisimilla na fara da siririn baki. Malam Iliya, wanda ya rasa majinyaci, ya naɗa kansa mataimakina. Ya zuƙi mai a sirinjinsa yana ɗiga mini, yana ce wa jama'a su ja baya, ana tiyata. Garin tagulla na zubowa kamar gero. Duk juyi ɗaya sai na kasa kunne, domin in za ta dare, ƙara ɗaya za ka ji, ƙas, shi ke nan. Gumi ya jiƙa mini riga. Da bakin mahudi ya faɗa ta ciki, sai na ji duk filin an sauke numfashi tare. Na sauya baki mai kauri na faɗaɗa ramin, na goge gefensa sumul, don ko ƙaramin kaushi yana iya haifar da sabuwar tsaga.

Washegari Juma'a na wuni ina bin tsagar da zarton yankan ƙarfe, daga leɓe har rami. Aiki ne na haƙuri, hannuna har ya yi bororo. Maƙerin garin ya ƙera sabon harshe, muka rataya shi yadda zai riƙa bugu nesa da ciwon. Da rana Musulmin garin suka ja ni masallacinsu, muka dawo tare da su, suka kama igiya da 'yan coci aka mayar da Ladi kan itacenta. Wata tsohuwa ta ce ba ta yarda an gama ba sai an sa magani. Iliya bai yi musu ba, ya hau tsani ya shafa wa ramin aidin, aka yi ta tafi.

Na kama igiyar harshe zan gwada, sai na ji an riƙe mini hannu. Baba Danjuma ne.

"Ba yau ba."

Na ce, "Haba Baba, ai dole in ji ko aikin ya yi."

"Maganarta ta farko ta 'yarta ce."

Na yi magiya, na ce bugu ɗaya tak, a hankali. Ya ƙi. Ku ma'aikata ne, kun san abin da ake ji in an hana mutum gwada aikinsa. An kawo mini tuwon dawa da miyar karkashi da naman kaza, amma ban san ɗanɗanonsu ba.

Ran Asabar gari ya cika. Mutanen ango sun zo daga wajen Tabanni da kiɗansu, manajanmu ya iso cikin babbar riga, an ba shi kujerarsa. Ni na laɓe a bayan ɗorawa, inda in abin ya ɓaci ba kowa zai ga fuskata ba. Aka fito da Saratu cikin fararen kaya, mata na biye da ita suna waƙa. Da ta iso bakin fili sai ta tsaya, waƙa ta tsaya. Baba Danjuma ya naɗe igiya a hannu ya ja.

Ladi ta yi magana. Ba ta fashe ba, zizar nan kuma ta tafi, ƙarar ta bazu har cikin daji. Amma kunnena na aiki ya ji abin da ya ji. Muryar ta yi ƙasa, ta yi kauri, da wani ɗan kaushi a ƙarshenta kamar ta mai mura. Fili ya yi tsit. Na ce a raina, shi ke nan, na ɓata musu abinsu.

Sai wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka ta ce wani abu da Gbagyi, ta rangaɗa guɗa. Sauran suka ɗauka. Wasu na dariya, wasu na kuka, wasu na yin duka biyun. Na ga amarya ta yar da furen hannunta ta rufe fuska. Na kamo maƙerin nan na ce ya gaya mini me ake cewa.

Ya ce, "Cewa suke Ladi ce. Da can ƙararrawar muryar 'yan mishan gare ta, siririya. Ita kuwa marigayiya Ladi haka take magana, in ta kira yara daga gona har ƙauyen gaba ana ji."

Abin da ranar nan ta koya mini ke nan, kuma na yi aiki da shi har na ajiye magagari. A wajen ƙarfe, kada faɗin bakin tsaga ya ɗauke maka hankali, nemi inda tsininta ya ɓuya, can ne aikin yake. A wajen mutane kuwa, ka gaya wa mai abu gaskiya tun kafin ka taɓa, cewa abin da aka gyara ba ya komawa sabo, sannan ka bar shi ya yanke wa kansa ko aikin ya yi. Ni na ji murya da ta ragu, su kuwa uwarsu suka ji.

Baba Danjuma bai saki igiyar nan ba. Fasto ya ɗaga masa hannu, ya sake ɗagawa, a ƙarshe ya taka da kansa ya ce, "Baba, ya isa, bari mu ɗaura auren."

Tsohon yana ja, hawaye na bin gemunsa, yana dariya. Ya ce, "Fasto, kai ka taɓa sa Ladi ta yi shiru?"